Injin Motar Baba

Ni malamin makaranta ne a Agiye. A nan aka haife ni, a nan na yi lakwal, sannan na tafi makarantar horar da malamai ta Maraɗi. Alli da allo su ne kayan aikina. Ban taɓa koyon gyaran mota ba. Amma daga watan Disamba na 2024 zuwa watan Fabrairu na 2025, kullum in aka tashi daga makaranta sai in wuce gareji. Har almajiraina suka soma tambayata abin da ya sa farcena ya yi baƙi. Yau zan ba ku amsa.

A ƙofar gidanmu akwai wata babbar darbejiya. Shekara bakwai wata tsohuwar mota ta yi a gindinta, ba ta motsa ba. Motar Baba ce. Peugeot 404 ce mai buɗaɗɗen baya, wadda muke kira bashe, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suna ce mata a-kori-kura. A Faransa aka soma ƙera 404 a shekarar 1960, mai buɗaɗɗen bayan kuwa ta fito a 1967. Tamu ta 1974 ce. Baba ya saye ta ta hannu a Maraɗi a 1986, tun ba a haife ni ba.

Da wannan mota Baba ya ciyar da mu. Ta ɗauki hatsi da wake da gujiya da aya. Ta ci kasuwar Gazawa da ta Cadawa da ta Tasawa. Ta kai awaki har Gidan Rumji. Ta kai amare ɗakinsu, ta kai marasa lafiya likita. Ina ƙarami, in na ji kukanta daga nesa na san Baba ya komo. Shekarar da Baba ya rasu, a 2017, injinta ya cije. Aka tura ta gindin darbejiya. Kaji suka yi ƙwai a kan kujerarta, tayoyinta suka sace, ƙura ta rufe gilashinta.

Abin da ya tashe mu

Bayan kakar 2024, abu biyu suka faru a mako guda. Na farko, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo, ya zagaya motar, ya ce zai saye ta a kan kilo. Na biyu, ƙanena ya ce zai tafi Agadas, daga can ya wuce Libiya neman kuɗi. Ya iya tuƙi, yana da takardarsa, amma ba ya da motar da zai tuƙa.

Daren nan Inna ba ta ci tuwo ba. Da safe ta kira mu, ni da Yaya da ƙanena. Ta ce, "Ba na son a yanka motar mahaifinku kamar saniya. Ba na kuma son auta ya shiga hamada. Ku tada motar, ku ba shi ya nemi abincinsa a gabana."

Inna ta sayar da saniyarta da maraƙi. Yaya ya sayar da buhunan aya. Ni kuma na kawo abin da na tara daga albashina. Da muka haɗa, kuɗin ya kama jika 900. Ba mu da wani bayan wannan. In muka yi kuskure, saniyar Inna ta tafi a banza, auta kuma zai kama hanya.

Da yake ni ne mai karatun boko a gidan, sai aka damƙa mini neman inji. Na ji daɗi, na kuma ɗauka abin ba wuya.

Kuskurena

Ran Juma'a na hau mota zuwa Maraɗi, tafiyar kamar kilomita 80. Na shiga wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota. Can na ga wani babban injin Toyota mai shan gazuwal, an wanke shi yana ƙyalli. Mai shi ya tada mini shi a ƙasa. Ya yi ruri har ƙirjina ya girgiza. Na ce a raina, da wannan ba tudu ba rairayi, duk motocin Agiye sai su bi bayanmu. Ban tambayi kowa ba, na ba da jika 40 kafin alƙalami.

Da na komo, na tafi wurin wani tsohon makanike, abokin Baba. Shi ne ya yi shekara talatin yana duba motar. Muna kiransa Kawu. Na gaishe shi, na ba shi labari ina murna. Ya yi shiru, ya goge hannunsa da tsumma.

Ya ce, "Malam, a lakwal ɗinku, ana ba da amsa kafin a karanta tambaya?"

Na ce, "A'a, Kawu."

Ya ce, "To, kai ka ba da amsa. Yanzu zauna mu karanta tambaya. Guda uku ce. Me motar za ta ɗauka? Wace hanya za ta bi? In ta lalace a daji, wa zai gyara ta, kuma ina za a sami kayan gyara?"

Ban iya amsa ko ɗaya da kyau ba. Ranar na koma almajiri.

Hanyar da ƙarfi yake bi

Kawu ya sa yaransa suka jawo motar zuwa gareji. Suka ɗaga ta, muka shiga ƙarƙashi. Ya nuna mini hanyar da ƙarfi yake bi daga inji har zuwa ƙasa.

Da farko akwai inji. A cikinsa akwai ramuka 4, kowane da fistan mai hawa da sauka. Fistan yana aiki huɗu bi da bi. Ya sauka ya shaƙi iska da mai. Ya hau ya matse su. Wuta ta kama, ta tura shi ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wannan hawa da sauka shi ke juya wani ƙarfe mai gwiwoyi a gindin inji.

Bayan inji akwai kuloci, wanda ke haɗa inji da sauran mota ko ya raba su. Sai akwatin giya, wanda makanikanmu ke kira bwat. Na 404 giya 4 gare shi na gaba, da ɗaya na baya. Daga nan wani dogon ƙarfe yana kai juyin zuwa baya. A baya akwai pon, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu. A tsakiyarsa akwai wani ƙullutu mai kama da tulu. A cikin tulun nan haƙora suke raba juyi tsakanin taya ta dama da ta hagu. A wannan mota tayoyin baya ne ke tura ta, na gaba juya kai kawai suke yi.

Kawu ya ce, "Ka san shanun huɗa. In ka ɗaure bijimi da ɗan maraƙi a karkiya ɗaya, me zai faru?"

Na ce, "Kunya za ta karkace, ko karkiyar ta karye."

Ya ce, "Haka mota take. Inji da bwat da pon shanu ne a karkiya ɗaya. Wanda ya ƙera su ya auna su tare. In ka canza ɗaya, sai ka tambayi sauran ko sun yarda."

Daga nan ya lissafa mini abin da babban injin nan zai jawo. Bakinsa bai dace da bakin bwat ɗinmu ba, sai an sayi nasa bwat. In an sa wannan, dogon ƙarfen ba zai yi daidai ba, sai an yanke shi an yi walda. Ƙafafun da inji ke zama a kai sai an sake su. Injin ya fi namu nauyi ƙwarai, gaban motar zai durƙusa. Yana son babban batir da babban lagireto, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji. Bayan duk wannan, ƙarfinsa zai sauka a kan pon mai shekara hamsin.

Kawu ya nuna mini wani guntun ƙarfe a kusurwar gareji, ya murɗe kamar igiya. Ya ce na wata mota ce irin tamu da aka sa wa injin da ya fi ƙarfinta. Mai ita ya taka totur a cikin rairayi da kaya, ƙarfen taya ya tsinke. Ya ƙara da cewa, "Kuma ka tuna da birki. Inji ne ke tafiyar da mota, birki ke komo da mutane gida. Birkin wannan an yi shi daidai gudunta."

Washegari na koma Maraɗi na roƙi mai injin. Ya mayar mini da jika 20, ya riƙe 20. Na faɗa wa Inna gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kawai, "Mai tambaya ba ya ɓata." Na cika kuɗin daga albashin watan gaba.

Isansi ko gazuwal?

Saura zaɓi biyu, duka na gidan Peugeot. Ko inji mai shan isansi, ko mai shan gazuwal. A nan ni da Yaya muka saɓa. Shi gazuwal yake so. Ya ce duk manyan motoci gazuwal suke sha, kuma ba ya ƙarewa da sauri.

Yaya yana da gaskiyarsa. Ga bambancin injunan biyu. Injin isansi yana gauraya mai da iska a cikin kafireta, ya matse su kamar sau 8, sannan buji ya ƙyasta musu wuta. Injin gazuwal ba ya da buji mai ƙyastawa. Iska zalla yake shaƙa, ya matse ta fiye da sau 20, har ta yi zafi ƙwarai. Sai famfo ya feso gazuwal a cikinta, wuta ta kama da kanta. Wani mutumin Jamus, Rudolf Diesel, shi ya ƙago wannan dabara, injinsa ya yi aiki a 1897. Saboda wannan matsi mai yawa, injin gazuwal ya fi tsimin mai, ya fi ja a hankali, amma ya fi nauyi da tsada. Ita kanta 404 an ƙera ta iri biyu: mai isansi, girman injinta santimita kubik 1618, da mai gazuwal, 1948.

Na ce wa Yaya mu yi lissafi. Na kawo allo da alli daga makaranta, muka zauna a tsakar gida. Ku ma ku ɗauki allunanku ku bi mu.

Kawu ya ce a ganinsa, da kaya, injin isansi zai sha kamar lita 12 a kilomita 100, na gazuwal kuma kamar lita 9. A ƙarshen 2024 litar isansi a gidan mai ta kusa dala 100, litar gazuwal ta kusa dala 125. Lita 12 sau dala 100, dala 1200 ke nan. Lita 9 sau dala 125, dala 1125 ke nan. Ashe ribar gazuwal dala 75 ce kawai a kilomita 100.

Injin gazuwal ɗin da muka gani, da batirinsa da sauran abin da yake bukata, ya ɗara na isansi da jika 300. Jika guda dala 200 ce. Jika 300 kuwa dala 60000. In ka raba 60000 da 75, za ka sami 800. Wato sai motar ta yi kilomita 100 sau 800, kilomita 80000 ke nan, kafin gazuwal ya biya bambancin kuɗinsa. Mun ƙiyasta auta zai yi kamar kilomita 400 a mako. Mako 200 ke nan, kusan shekara 4.

Yaya ya daɗe yana duban allon. Ya ce, "Shekara huɗu ba ta da yawa ga mai haƙuri. Amma jika 300 ba mu da ita yau." In muka sa ta a inji, ba kuɗin taya, ba kuɗin birki.

Tambaya ta uku ce ta yanke gardamar. Kafireta da buji, kowane makanike na Agiye ko Gazawa ya san su. Yaro mai gyaran babur ma zai iya wanke kafireta a bakin hanya. Famfon gazuwal kuwa abu ne mai laushi. Ƙura kaɗan ko ɗigon ruwa a cikin mai sai ya ɓata shi. In ya lalace sai an cire shi an kai babban gari wurin masu na'urar auna shi. Motar da ke Maraɗi tana jiran gyara ba ta cin kasuwa. Yaya ya ce ya yarda.

Ɗan uwan tsohon inji

Mun so mu gyara injin Baba na asali, amma da aka buɗe shi sai aka ga gangar jikinsa ta tsage. Kawu ya ce mu nemi injin Peugeot 504. Na tambaye shi dalili.

Ya ce 504 ƙanwar 404 ce, ta fito a 1968. Injinta daga na 404 aka samo shi, aka ƙara masa girma. Saboda haka yana shiga gurbin tsohon ba da wahala ba, bakinsa kuma ya dace da bwat ɗinmu. Girmansa santimita kubik 1971. Ya ɗara na da ƙarfi, amma ba ƙarfin da zai karya pon ba.

Akwai wani dalili kuma. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Ta yi kusan shekara talatin tana fitar da 504. Motocin suka cika Kano da Katsina da Zariya, suka ƙetaro ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Inda mota ta yi yawa, kayan gyaranta ma suna da yawa, masu gyaranta ma haka. Ashe abin da aka yi a Kaduna tun ba a haife ni ba, shi ya sauƙaƙa mana zaɓi a Agiye.

Wannan karon ban tafi ni kaɗai ba. Da Kawu muka je Maraɗi. Muka sami wata 504 da ta yi haɗari, jikinta ya lotse amma injinta lafiya. Kawu bai dubi ƙyalli ba. Ya zaro sandar auna mai ya shafa a yatsa, ya ga man baƙi ne, bai yi fari kamar nono ba. In ya yi fari, ruwa ya shiga. Ya kwance buji huɗu ya duba bakinsu. Ya sa aka tada injin, ya tsaya a baya yana duban hayaƙi. Ya koya mini launi uku. Shuɗin hayaƙi, inji yana ƙona baƙin mai, ya tsufa. Farin hayaƙi mai yawa, ruwa yana shiga wuta. Baƙin hayaƙi, isansi ya yi yawa, wannan gyaransa da sauƙi. Sannan ya ɗora bakin sukuddireba a jikin injin, ya kara kunnensa a ƙotar, kamar likita mai sauraren ƙirji. Da ya ɗago sai ya ce, "A yi ciniki." Muka saya jika 350.

Gudu ko ja?

Mai motar ya ce mu haɗa da pon ɗinta, zai yi mana rahusa. Ya ce da shi bashe za ta yi gudu kamar iska. Auta ya ji haka, idonsa ya yi haske. Kawu ya ce a'a.

A gareji ya nuna mana dalili. Ya sa alamar alli a dogon ƙarfe, ya sa wata a taya. Muka tura motar a hankali muna ƙirga. Kafin taya ta juya sau 1, dogon ƙarfe ya juya kusan sau 5. Ya ce a ƙaramar 504 ta ɗaukar mutane, kusan sau 4 ne.

Wanda ya taɓa hawan keke mai giya ya san wannan. In sarƙa tana kan babban faifai na baya, ƙafa tana juyawa da yawa, keke yana tafiya a hankali, amma yana hawa tudu ba wahala. In tana kan ƙaramin faifai, keke yana gudu a kan kwalta, amma a rairayi sai ka sauka ka tura. Ba a samun gudu da ja duka a lokaci guda. Abin da ka ƙara a nan, ka rage shi a can.

Kawu ya tambayi auta, "Ɗana, buhu nawa za ka ɗauka?"

Ya ce, "Kamar takwas, Kawu."

"A kan gudoro kaɗai za ka bi?"

Auta ya yi dariya. Babbar hanyar kwalta ɗaya ce ta ratsa Agiye, wadda ta fito daga Yamai ta nufi Damagaram. Gonaki da ƙauyuka kuwa suna cikin jigawa, hanyarsu rairayi ce. Motar da za ta ɗauko aya daga bakin gona, ja take bukata. Muka bar mata pon ɗinta na asali. Aka wanke shi, aka sake masa mai.

Ni ma na yi tawa tambayar. Na ce tunda rairayi ne matsalarmu, me zai hana a mai da ita mai ja da taya huɗu? Kawu ya ce ana yi. Wani kamfani a Faransa mai suna Dangel ya mai da 504 haka tun wajen 1980. Amma wannan aikin masana'anta ne. Sai an ƙara wani akwatin giya, da wani dogon ƙarfe, da wani pon a gaba. Kuɗinmu duka ba zai isa ba, kuma kowane ƙarin ƙarfe ƙarin abin lalacewa ne. Ya ce, "Mahaifinku ya yi shekara talatin a rairayin nan da taya biyu. Dabararsa uku ce: ya rage iskar taya, ya sa giya ta biyu tun kafin ya shiga, ya ajiye shebur a baya."

Sauran kuɗin muka sa a inda ba a gani. Sabon faifan kuloci. Sababbin takalman birki da robobinsu. Lagireton 504, don sabon inji ya fi na da zafi, ga kuma zafin bazararmu. Matatar iska mai kyau saboda ƙura. Taya huɗu da batir. Fenti kuwa bai samu ba. Har yau launinta na da ne, fari mai tsatsa.

Ranar da ta tashi

A ƙarshen watan Fabrairu na 2025, wata Asabar da hantsi, Kawu ya miƙa wa auta makulli. Ya murɗa sau ɗaya, ta yi tari. Ya murɗa na biyu, ta kama. Kukan bai zama daidai da wanda na sani ina yaro ba, amma ya yi kama da shi, kamar muryar ɗa da ta uba. Da muka iso ƙofar gida, Inna ta fito ta dafa ƙofar motar. Ba ta ce komai ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta koma ciki.

Kada ku ɗauka zaɓinmu ba shi da aibi. Ba a yi mako biyu ba, a watan Maris na 2025, isansi ya yi wuya a ƙasar nan. Dalilin yana da tushe. Shekara da shekaru mutanen jihar Maraɗi suna sayen man Najeriya mai araha a kwalabe, wanda ake kira ruwa-ruwa. A 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, ya yi tsada a can. Jama'a suka koma gidajen mai, matatar Damagaram da aka buɗe a 2011 kuma ta kasa ƙosar da kowa. Motarmu ta kwana huɗu a gindin darbejiya, motocin gazuwal suna wucewa. Yaya ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ba ya cikin allonka." Na ce gaskiya ne. Lissafi yana taimako, amma ba ya ganin gobe.

Da damina kuma akwai hanyoyin da ba ta iya bi, sai amalanken shanu ya fito da kaya bakin hanya. A kan kwalta, motocin zamani suna wuce ta kamar tana tsaye.

Amma ga wani abu da ya faru bayan sallar layya. Cikin dare aka buga mana ƙofa. Matar maƙwabcinmu ce naƙuda ta yi mata tsanani, likita ya ce a kai ta babban asibitin Maraɗi. Muka shimfiɗa katifa a bayan bashe, mata biyu suka riƙe ta. Ni na zauna gaba da auta. Muna gab da Cadawa sai injin ya soma tsalle, ƙarfinsa ya ragu. Gabana ya faɗi. Auta ya tsaya, ya buɗe gaba, na haska masa da fitilar salula. Buji ɗaya ne ya mutu. Ya tashi wani mai gyaran babura da ke kwana a rumfarsa, aka sami wani a cikin gwangwaninsa. Minti goma bai cika ba muka kama hanya. Da asuba matar ta haifi ɗiya mace, su duka lafiya.

A hanyar komowa na tuna da babban injin nan mai ƙyalli. Da shi ne a ciki ya yi mana haka a tsakar dare, ban san ƙofar da za mu buga ba.

Yanzu auta yana nan Agiye. Yana kai kaya Gazawa da Cadawa da Maraɗi. Kowane mako yana kawo wa Inna abin da ya samu, tana ajiye wani kashi a cikin ƙwarya. Ta ce in ya taru za ta sayi karsana. Ni kuma na koma ga allina. In almajiri ya yi saurin ɗaga hannu tun ban gama magana ba, sai in ce masa abin da Kawu ya ce mini: zauna tukuna mu karanta tambaya.

Tambayoyi

1. Waɗanne tambayoyi uku ne Kawu ya yi wa malam?
2. Faɗi hanyar da ƙarfi yake bi daga inji zuwa taya.
3. Mene ne bambancin injin isansi da na gazuwal?
4. Mota tana shan lita 12 a kilomita 100. Lita nawa za ta sha a kilomita 400?
5. Je ka wurin wani mai sana'a na garinku, ka tambaye shi yadda yake zaɓen kayan aikinsa. Rubuta abin da ya gaya maka.